Suwaibatu Ta Ƙi Ɓoye Ciwonta

Ranar da labari ya iso Mabai cewa Suwaibatu ɗiyar Malam Mani ta samu gurbin karatun harhaɗa magunguna a ƙasar Turkiyya, matan gidan sun yi guɗa har maƙwabta suka shigo suna tambaya ko haihuwa aka yi. Malam Mani kuwa hamdala kawai ya yi, ya saɓa fartanyarsa ya koma gona. Shi ya san irin ɗiyar da ya raina. Da sikila aka haifi Suwaibatu. Kusan kowace damina sai an kwashe ta a bayan babur zuwa asibitin Ƙanƙara, tana cije da bakin mayafi saboda azabar ciwon ƙashi. Amma da ta miƙe sai ta koma aji, ta wuce waɗanda ba su taɓa fashi ba.

Makarantar ta ɗauki nauyin karatu da masauki. Inshorar tafiya da lafiya kuwa an bar wa kowane ɗalibi ya zaɓi tasa, kuma ba a ba da biza sai da ita. Yayanta Mas'udu, wanda ke sayen hatsi a Faskari, ya kai ta shagon abokinsa Adnan mai cike wa matafiya takardu a kwamfuta. Adnan ya buɗe mafi arha, ya shiga tambaya yana dannawa.

"Wata daɗaɗɗiyar cuta? Babu, ko?"

"Akwai," in ji Suwaibatu. "Ina da sikila."

Adnan ya ɗaga hannu daga kwamfutar, ya dubi Mas'udu, sannan ya dube ta. "Ƙanwata, nan fa ba asibiti ba ne. Kowa babu yake sawa. Ofishin jakadanci takarda kawai suke son gani. In kika ce akwai, ko su ƙi ki, ko su tsawwala maki."

"In ciwon ya tashi a can fa?"

"Allah zai tsare."

"Amin. Amma buɗe mani sharuɗɗansu in gani."

Ta ja kujera ta karanta a tsanake, su kuma suna ta gyaran murya. Abin da take tsoro shi ta tarar: duk cutar da mutum ya san yana da ita ya ɓoye, kamfani ba zai taɓa ta ba. Ta miƙe ta gyara hijabi ta ce ta gode, ba za ta yanki wannan ba.

Mas'udu ya ɗauko ta suka koma gida. A zaure ya fashe. "Baba, yarinyar nan za ta zubar da karatun da mutane ke nema da kuka. Kalma ɗaya aka ce ta rubuta!"

Malam Mani ya juya wajenta. "Ke me kika ce?"

"Baba, in na rubuta babu, takarda ce kawai zan riƙe. Ranar da na faɗi, babu wanda zai ɗaga ni, kuma na yi ƙarya a banza."

Tsohon ya murza ƙwayar gero a tafin hannu. "Mas'udu, ka taɓa riƙe ta a bayan babur tana suma? Ni na riƙe. A can babu ni, babu kai. Ku bar ta ta nemi wadda za ta riƙe ta."

Nema kuwa ya yi wuya. Sabis ba ya zama a cikin gari, sai ta hau dutsen da ke bayan makarantar firamare da hantsi, ta zauna da waya tana rubuta wa kamfanoni. Wani ya amsa da ban haƙuri. Wani ya ce zai karɓe ta, amma ban da duk abin da ya shafi sikila, wanda a wurinta daidai yake da ƙi. Wasu ko amsa ba su yi ba. Ranar ganawa da ofishin jakadanci tana ta matsowa, har ta fara tambayar kanta ko taurin kai take yi.

Sai ta shirya ta tafi Sabuwa wurin Goggo Mansura, ƙanwar babanta, wadda ta daɗe tana aikin jinya. Goggo ta saurare ta tana tankaɗe gari, sannan ta ce, "Kina ce masu kina da ciwo, ba ki nuna masu yadda kike riƙe da shi ba. Dole su tsorata. Je ki wurin likitanki ya rubuta komai, maganin da kike sha, da rabonki da kwanciya. Kuma ki nemi 'yan ƙasarmu da ke makarantar, ba za a rasa mai irin lalurarki ba."

Haka ta yi. Ta ƙungiyar ɗalibai ta samu wata mai ciwon asma, wadda ta nuna mata kamfanin da ke karɓar masu daɗaɗɗiyar cuta in sun kawo bayanin likita. Suwaibatu ta kira su da kanta. Ba ta bar wakilin ya ajiye waya ba sai da ya tabbatar mata cewa kwanciya asibiti da ƙarin jini suna ciki, da motar ɗaukar majiyyaci, kuma ya aiko mata da hakan a rubuce. Inshorar ta fi ta Adnan tsada nesa ba kusa ba. Ranar kasuwar Ƙanƙara Malam Mani ya kora bijiminsa ɗaya ya sayar, ya biya kuɗin, bai shawarci kowa ba. Biza ta fito.

Sanyin ƙasar ya zo mata da abin da ba ta zata ba. 'Yar Ƙanƙara ce, amma sai a can ta fara ganin ƙanƙara tana sauka daga sama kamar audugar da aka shiƙa. Ana gab da jarrabawar farko, wata safiya tana jiran mota, ciwon ya sare ta a ƙugu da ƙirji. Ta durƙushe a bakin titi. Abokan karatunta suka kira lambar gaggawa, aka wuce da ita asibiti, aka sa mata iska, aka ƙara mata jini.

Da ta dawo hayyacinta, wata ma'aikaciyar kamfanin inshorar ta kira. Suwaibatu ta san yanzu za a bincika. Matar ta ce sun duba, sun ga ta faɗi ciwonta tun farko, saboda haka asibiti da su zai yi magana, ita ta kwanta ta warke. Suwaibatu ta ja bargo ta rufe fuska, ta yi kuka mai daɗi.

Makaranta ta ba ta damar rubuta jarrabawar bayan an sallame ta. Ta shiga ɗakin tana dogara bango, ta fito da sakamakon da ya fi na kowa a ajin.

Mas'udu ta fara kira. Yana tsakiyar awon masara, hayaniyar kasuwa ta cika wayar.

"Yaya, na warke. Kuma ni ce ta ɗaya."

Ta ji ya saki tiya ta faɗi a ƙasa. Sannan ya ce, "Suwaiba, kin fi ni gaskiya." Kafin ta amsa ya ɗaga murya yadda duk rumfar za ta ji. "Jama'a, ƙanwata likita ta kayar da Turawa da Larabawa! Mai shayi, zuba ma kowa!"

"Yaya, ba likita ba ce, magani nake karanta."

"Ke dai yi shiru," in ji shi. "Nan Faskari na riga na faɗa."