Ɓawon Gyaɗa a Kwamin Yasmina

Ni Mahamane, shekara talatin ina tuƙa kwale-kwale a Gaya. Sau uku kogi ya kifar da ni, sau uku na fito da ƙafata. Ban taɓa shiga lakkol na yi boko ba, amma a nan Greensboro inda nake zaune yanzu, kaf ba wanda ya san ruwa kamar ni.

Ranar Laraba jikata Yasmina ta tafi da ni labonsu, ɗakin gwaje-gwajen jami'a, wai kar a bar ni ni kaɗai a gida. Na tarar da dogon kwami na gilashi, famfo na koro ruwa, a ciki ƙananan farfela biyu, ɗaya bayan ɗaya. In an girka manyansu a teku, ruwa zai juya su su ba da wuta. Ta bayan ce fitina: ruwa na yin ƙarfi sai ta kama rawa ta karye. Uku sun karye, saura ɗaya. Ƙarfe biyu malamanta za su zo, in ta karye a gabansu sai baɗi za ta gama karatu.

Ta kunna famfo don gwaji. Farfelar ta fara kakkarwa.

"Amarya, kin ajiye ta inda ruwa ke fushi," na ce. "Ba a ɗaure jirgi a bayan dutse."

"Kaka, don Allah, computer ta lissafa."

Na laluba aljihu, na watsa ɓawon gyaɗa a ciki.

"Kaka! Za ka toshe famfon!"

Ta kai hannu za ta kashe, na riƙe ta. "Duba dai."

Ɓawon ya wuce ta farko, ya yi ta juyi yana marin ta bayan ta gefe. Sai can gaba, wajen kamu biyu, ya miƙe. Yasmina ta ja layi a gilashin, ta kashe famfo. Da hulata muka kwashe ɓawon. Ta matsar da farfelar bayan zuwa kan layin. Tana ɗaure kusa ta ƙarshe malaman suka shigo, su uku.

Aka saki ruwa. Farfelar na juyawa shiru.

"Ƙara," in ji babbarsu.

Ta ƙara. Ruwa na gurnani.

"Har ƙarshe."

Na damƙe hannun Yasmina, na ƙirga numfashi ashirin. Farfelar ba ta ko girgiza ba. Matar ta gyaɗa kai, ta sa hannu a takarda.

Yasmina ta raɗa mini, "Jarumin Gaya, sakar mini hannu, za ka karya ni."