Kawu Ɗaso Ba Ya Ajiye Karta

Bayan alhazai sun watse unguwar Aziziyya ta Makka ta yi tsit, direbobin bas ba aikin fari. A wannan zaman banzan Mukhtaru ya koyi poka, kartar caca ta cikin waya, ta riyal biyar, riyal goma. Abu guda ya gane: mai raunin wasa ba ya janyewa. In kartarka ta yi kyau, kada ka lallaɓa shi, zuba da yawa, zai biyo ka.

Wanda ya fi kowa rauni a teburin kuwa Kawu Ɗaso ne, ƙanen mahaifiyarsa, mutumin da ya koya masa tuƙi. Mukhtaru ne ya buɗe masa wasan da hannunsa, amma bai taɓa gaya masa cewa shi ne "Abu Haifa" na cikin wasan, mai cinye shi kullum ba.

Ran nan da hantsi suna zaune a inuwar bas, kowa da wayarsa. Sarakuna uku suka faɗo wa Mukhtaru. Ya san a kan Kawu ashirin ma ta isa. Ya danna tamanin.

Tsohon ya yi tsaki, ya matso, ya miƙo masa wayar, kartarsa a buɗe. Bakwai biyu ne kacal.

"Duba min, ɗan nan. Abu Haifan nan, Allah wadaran halinsa, ya sake yi min barazana. In bi?"

Mukhtaru ya kife tasa wayar a cinya. Kalma ɗaya za ta fid da tsohon.

"Yalla, yi sauri, lokaci na tafiya! Kai ne idona."

"Bi, Kawu."

Ya bi. Aka buɗe karta, wayar da ke cinyar Mukhtaru ta girgiza, kuɗin Kawu sun shigo.

Kawu Ɗaso ya daɗe yana kallon gilashin wayarsa, sannan ya dafa kafaɗarsa. "Halas, ya wuce, kada ka ɓata rai. Ai ba ka san gaibu ba. Shi dai wancan, ko uwarsa ya samu a tebur sai ya yashe ta."

Da aka kira azahar direbobi suka shimfiɗa kwali a gefen titi. Kawu ya tura shi gaba. "Ja mu, ka fi mu karatu."

"Ba ni da alwala," in ji Mukhtaru. Ya ɗauki buta ya zaga bayan bas, ya tsuguna. Har suka sallame bai zuba ruwan ba.