Inda Take Jan Numfashi

Auta ta iya aikinta, ko mai ƙinta ba zai musa ba. A ɗan ɗakin da take haɗa wa mawaƙa kiɗa, wanda ta manne bangonsa da kwalin ƙwai don ya shanye ƙara, tana sa ganga ta yi magana a kwamfuta ba tare da wani hannu ya taɓa fata ba. Amma kiɗan babanta ya gagare ta.

Baba makaɗi ne, Mama ce mawaƙiyarsa. Da ta rasu, abin da ya rage na muryarta waƙa ɗaya ce da ta rera a waya tana wanke-wanke. Daga baya ciwo ya shanye wa Baba hannun dama. Abu ɗaya ya roƙa: a ɗora wa waƙar irin kiɗansa, ya sake jin su tare.

Auta ta fara da gyara muryar, kamar yadda take yi wa kowa. Ta cire ƙarar kwanuka, ta yanke tari, ta share duk wani shaƙar iska tsakanin baiti da baiti. Murya ta fito tas. Sannan ta jera bugun ganga, kowanne daidai kan layinsa.

Aka kawo Baba, aka zaunar da shi kusa da sifika. Ya saurara, ya taɓe baki.

"Wannan ai sojoji ne ke fareti."

Ta ɗan matsar da wasu bugun baya, ta rage wa wasu ƙarfi. Ya ce yanzu sojojin sun gaji. Ta danna maɓallin da ke warwatsa bugu don ya yi kama da hannun mutum. Ya ce sojojin sun bugu. Ta yi dariya, amma dabararta ta ƙare.

"Baba, kowa ya san kana ɗan jinkirta bugu. Faɗa min nawa ne jinkirin, in sa."

"Nawa? Ni ban taɓa jinkiri ba. Uwarki nake jira. Ƙirjinta ba shi da ƙarfi, sai ta ja numfashi nake saukar da hannu." Ya karkata kunne wajen sifika. "Ina ma numfashin nata? Tun ɗazu nake nema."

Auta ta juya kan kwamfuta. Ta buɗe fayil, ta bincika ko'ina, babu numfashin. A kan ainihin fayil ɗin waƙar ta adana gyaran, wayar Mama kuwa ta daɗe da mutuwa. Ta kira mai gyaran kwamfuta, ya ce abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi ke nan.

Ba ta iya gaya wa Baba ba. Washegari ta tsaya gaban makirfo, ta yi ta shaƙar iska a hankali, ta liƙa a kowane gurbi da ta yanke, ta sa ganga ta jira. Kiɗan ya yi rai, ita kanta sai da tsigar jikinta ta tashi.

Baba ya rufe ido. Hannunsa na hagu ya ɗaga a kan gwiwa, ya tsaya a sama yana jira. Numfashin ya zo, ganga ta sauka, hannun bai sauka ba.

"Wannan naki ne, Auta," ya ce. "Na san shi tun kina cikin zane."