Makarantar Da Ake Ba Da Lambar Kunya

A daren jiya wani mafarki ya zo mini, kuma da yake koyar da tarihi na yi har na yi ritaya, na ga ya wajaba in rubuta shi yadda ya auku, ba ƙari ba ragi.

Sai dai in fara da abin da na kwanta da shi a rai. An zaɓi jikata Barira, wadda ke aji huɗu na sakandare, ta yi jawabi a taron safe na makarantarsu. Tun daga ranar take fama da ciwon ciki, irin wanda ba ya tashi sai ranakun karatu. Mu kuwa a gida yabonta muke yi. In baƙi suka zo ta sunkuyar da kai, gaisuwa ta maƙale mata, sai mu ce ai Barira kunya gare ta irin ta mutanen da. Uwarta har ta yanke cewa ranar jawabin ta yi zamanta a gida.

Na tsinci kaina a harabar wata makaranta, sanye da gajeren wandon kaki irin na zamanin da muke makarantar midil, amma farin gemuna yana nan. Ruwan sama yana tashi daga ƙasa zuwa gajimare, saboda haka kowa ya taka laimarsa yana tafiya. Shugaban makarantar bunsuru ne mai tabarau. Na same shi yana tauna jadawalin darussa, kuma duk ranar da ya cinye babu ita a wannan mako. Ya riga ya gama da Laraba.

Ya dube ni ya ce na makara. Na tambaye shi da minti nawa.

"Da shekara sittin," in ji shi. "Ba komai, wuce aji."

A ƙasar nan kallo yana da fukafukai. Duk wanda ya dube ka, sai tantabara ta fito daga idonsa ta sauka a kafaɗarka. Malamar tarihi, wata tunkiya mai natsuwa, ta tambayi shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano. Na yi murmushi. Na san layin dogo ya iso a 1911, an buɗe shi ga jama'a a 1912, har na shirya bayyana bambancin. Na miƙe tsaye.

Aji duka ya juyo. Tantabaru suka rufe ni, wasu a kai, wasu a gemu. Da na buɗe baki, sai muryata ta zame ta fito a siffar ƙadangare, ta haye bango, tana gyaɗa mini kai daga can.

Malama ta ce, "Madalla da yaro mai kunya. A tafa masa."

Aka tafa, nan take na ragu da taƙi guda.

Sai ga mu a zauren rabon kyaututtuka. A nan na fahimci tsarin makarantar: lamba ɗaya ake bayarwa, ta kunya, kuma duk wanda ya karɓa sai ya ƙanƙance. Barira ta sha cinye ta har ta koma kamar ƙwayar gyaɗa, tana zaune cikin gwangwanin kayan lissafi. Bunsuru ya sanar cewa in ta ƙara karɓar guda, za a yafe mata ganuwa baki ɗaya, ba mai sake ganinta ko kiran sunanta. Awaki masu gyale suka rangaɗa guɗa. Na lura muryoyinsu irin na gidanmu ne, har da tawa a ciki.

Na ɗauke ta na ɗora a tafin hannuna. Ta dube ni sama da ƙasa, da tsiyar nan ta jika da kaka.

"Tsoho, kai ma sun rage ka? Da ma ba wani tsawo gare ka ba."

Ba ni da murya, sai na nuna mata ƙadangaren. Ta ce nata ya fi shekara a kan bangon. Sannan ta yi ƙasa da murya.

"Kaka, ba kunya ba ce. Tsoro ne. Kullum na san amsar."

Bunsuru ya nufo mu da lambar a baki. Na cire jar hulata na kifa a kan teburi, na yi mata nuni da cewa ga mai sauraro wanda ba shi da ido. Ta daɗe tana duban hular, sannan ta ce, "Salamu alaikum, hula."

Ta ƙaru ta kai girman goro. Ta yi jimla ta biyu ta kai gwanda. A ta uku ta yi kuskure, ta ce barka da yamma alhali hantsi ne, sai rana ta tattara cikin ladabi ta koma yamma, ba wanda ya ce uffan. Da na waiwaya, ashe kowane ɗalibi a duƙe yake ƙarƙashin nasa tantabarun, yana fama da kansa. Barira ta ci gaba har ta kai tsayinta, bunsuru kuwa ya rasa wanda zai ba lambar, ya cinye abarsa. Ƙadangarena ya sauko ya shige maƙogwarona, na ɗaga hannu na ce 1911, aka shaida mini cewa an tashi daga wannan darasi tuntuni.

Ƙarar bokiti a bakin famfo ce ta farkar da ni, ga shi yau ce ranar jawabin. Barira ce ke taren ruwa, uwarta na ce mata ta koma ta kwanta tun da cikin bai daina ba. Na leƙa ta taga na ce ta kakkaɓe mini jar hulata, zan raka ta in zauna a layin baya, ita kuma hular kaɗai za ta kalla.

Ta ɗan yi wasa da hannun bokitin. Can ta ce, "Tsoho, da wannan sandar taka ai sai mu makara."

Na ce ta sa kayan makarantarta kawai, ni na taɓa makara da shekara sittin, ba a kuma kore ni ba.