Motar Alhaji Mani Ta Ƙi Gudu

Ranar kasuwar Safana, rana na tsaka, Alhaji Mani ya kira direbansa Haliru ɓarawo a ƙofar shagonsa na hatsi, gaban masu awo da 'yan dako da mahauta. Har mai kunun zaƙi sai da ta ajiye ludayi ta matso don kada a ba ta labari.

Mota ce ta jawo. Alhaji Mani ɗan kasuwar gero da gyaɗa ne, irin waɗanda shekarun wahalar nan suka karɓa: kowa na ramewa, shi wuyansa na ƙara ninki. Shekarar da aka cire tallafin mai, mutane na jingine babura suna komawa tafiyar ƙasa, shi kuwa ya je ya sayo wata baƙar jif mai ƙwaƙwalwa, wadda kujerarta ma ke hura wa mutum sanyi a gadon baya. Ya ce don hanya ya saye ta, kuma nan kam bai yi ƙarya ba. Duk wanda ya san hanyar Safana zuwa Batsari ya san akwai wuraren da ba a tsayawa ko da fitsari ya matse mutum, saboda ɓarayin daji. Haliru ke janta, kamar yadda yake jan Alhaji tun lokacin da akori-kura ce kawai motarsa.

To, ana cikin damina sai mota ta fara ciwo. Wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. A taka mata totur ta yi nishi kamar tsohuwa za ta tashi daga tabarma. Salansa na fitar da baƙin hayaƙi, ga shan mai kamar ana zuba shi a rairayi. Makanikan Safana suka yi ta cin kasuwarsu a kanta. Wannan ya canza fulogai, wancan ya sauke tanki ya wanke, wani ya rantse famfon mai ne, aka sa sabo. Fitila tana nan tana kallonsu.

Sai ranar da suka taso daga Batsari, daidai inda daji ya rufe hanya dama da hagu, mota ta ce ba ta san gudu ba. Haliru ya take totur har ƙasa, tana rarrafe. Wani mai babur da akuya ɗaure a bayansa ya zo ya wuce su, har akuyar ta waiwayo. Alhaji kuwa, da duk girman cikin nan nasa, ya kwanta tsakanin kujeru yana karanto duk abin da ya haddace tun yana makarantar allo. Allah ya tsare, ba su haɗu da kowa ba. Amma tsoron da ya sha bai bar cikinsa ba sai washegari a kasuwa, kuma a kan Haliru ya amayar da shi.

"Kai kake zuƙe min mai kana cikawa da kananzir! Ɓarawo!"

"Alhaji, ni?"

"Wa ke riƙe da makulli, ubana? Kuma me ya sa sai a daji take lalacewa? Ko ajiye ni kake so ka yi wa mutanenka?"

Ɓarawon mai, wannan ana iya zaginsa a wuce. Amma a ƙasar nan, a shekarun nan, a ce mutum yana da mutane a daji, an gama da shi ke nan. Shi Haliru da ɓarayin suka koro daga ƙauyensu Babban Duhu da iyalinsa, suka kore shanun babansa, yau shi ake cewa infoma, ɗan leƙen asirinsu.

Kafin magariba maganar ta zagaye gari ta dawo da ƙari. Da safe ya je wurin mai shayi, bencin da ya zauna a kai ya watse. Matarsa Zuwairatu ta je aron turmi maƙwabta, aka ce mata turmin ya tsage, alhali tana jin ana daka a ciki.

"Malam, mu tattara mu bar garin nan," in ji ta.

"Mu je ina? Can da aka koro mu? Wallahi ba inda za ni da wannan suna a kaina."

Ya koma wurin Alhaji, ko zama bai yi ba. Ya ce abu ɗaya yake nema: a kai mota Batsari wurin Zainulabideen, wanda ake ce wa Zainu Kwamfuta, shi da ya yi zaman koyon gyaran manyan motoci a birni. In Zainu ya ce mai ne, a yi masa duk abin da aka ga dama. Alhaji ya yarda, amma sai da ya jira motocin 'yan kasuwa suka taso, aka sa jif a tsakiya kamar amarya.

Zainu ba shi da fara'a, kuma ba ya ragawa kowa. Yana jin bayani ya kalli Haliru sama da ƙasa.

"Malam direba, ka faɗa min gaskiya ka hutar da ni. Man bumburutu kake zuba mata?"

"Kai ma?" in ji Haliru. "Yi aikinka."

Zainu ya ɗebi mai kaɗan a kwalba, ya ɗaga ta a rana, ya sansana, ya ɗiga a hannu ya ga yadda ya bushe. Ya ɗauko wata 'yar na'ura ya durƙusa ya jona wayarta ƙarƙashin sitiyari, ya yi ta latse-latse.

"Wa ya ce a canza famfo?"

"Makanikinmu," in ji Alhaji.

"Ya cuce ka. Wa ya wanke tanki? Shi ma ya cuce ka. Alhaji, wannan ba akori-kura ba ce da za a yi ta kwance-kwance ana canke. Irin waɗannan tambayarsu ake yi, su faɗi inda ke musu ciwo. Ga shi ta faɗa: iska ce ba ta isarta. Akwai wani ɗan ƙarfe a bututun iska, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwarta yawan iskar da ta shiga, ita kuma ta auna mai daidai da haka. In ya rikice sai ta yi ta ɗura mai ba lissafi, in abin ya ishe ta ta hana kanta gudu don kada inji ya ƙone."

"To wa ya rikita shi?" in ji Alhaji, yana hararar Haliru.

"Yanzu za mu gani."

Ya ɗaga bonet, ya ɓalle murfin akwatin iska, ya zaro matatar, ya karkaɗe. Ba wani datti na a zo a gani. Ya cusa hannu cikin bakin bututu, sai ya tsaya. Ya ƙara cusawa har gwiwar hannu, ya yi ta murɗawa, ya zaro wani abu ya ɗora a kan mota.

Laya ce. Ƙatuwa, kamar dunƙulen hannu, an ɗinke ta da jar fata, zafin inji ya sa ta yi baƙi ta kumbura.

Masu jiran gyara suka matso. Zainu ya ce, "La'ilaha illallahu. Na ciro ɓera a nan, na ciro leda, yau ga laya. Girgizar hanya ce ta tura ta har ta toshe bututun. Malam direba, taka ce?"

Haliru ya juya ya kalli Alhaji. Alhaji ya ɗauki layar ya juya ta, ya ga ɗinkin, fuskarsa ta faɗi. Bakinsa ya suɓuce, a hankali: "Inna."

Ya yi sauri ya tura ta aljihu. Zainu ya fesa wa ɗan ƙarfen magani, ya mayar da komai, ya latsa na'urarsa. Aka tayar da mota. Fitila ta mutu, inji na kaɗawa luf kamar kyanwa ta ƙoshi.

Suna fita daga garejin Alhaji ya yi gyaran murya. "Haliru, maganar nan ta tsaya nan. Ka ci gaba da aikinka, shi ke nan."

"Shi ke nan?"

"To me kake so?"

"A kasuwa ka kira ni ɓarawo, Alhaji. A kasuwa ka ce ina da mutane a daji. Can nake so ka je ka ce ba ni ba ne."

"In ce wa? In tsaya gaban 'yan dako in ce uwata ta lalata min mota? Kana da hankali? Mutane za su manta."

"Matata turmi aka hana ta."

"Zan saya mata turmi."

Haliru ya mayar da idonsa kan hanya. Ya danne totur, jif ta miƙe kamar an sake ta daga turke. Alhaji na riƙe da kujera yana "A hankali, a hankali," shi da jiya-jiya yake neman gudu. Duk tsawon hanyar Haliru na ta lissafi. In ya yi shiru, aikinsa na nan, da tuwon 'ya'yansa, amma bencin mai shayi zai ci gaba da watsewa, wata rana kuma 'yan sa-kai su buga masa ƙofa. In ya buɗe baki, ya tona uwar maigidansa, kuma ya san abin da ke biyo bayan wannan.

Sun iso ana fitowa daga sallar La'asar, ƙofar gidan cike da mutane. Hajiya Tasalla, mahaifiyar Alhaji, tana zaune bakin zaure kan kujerarta 'yar tsugune tana raba wa mata masu neman taimako gero a kwano. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, amma in ta ɗaga murya har tasha ana ji. Haliru ya kashe mota, ya fito, ya je ya durƙusa gabanta.

"Barka da yamma, Hajiya."

"Barka kadai, Haliru. Kun dawo lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau. Ya ƙarfin jiki? Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi. Ya Zuwairatu da yara?"

"Suna gaishe ki." Ya ɗaga murya yadda na bakin masallaci za su ji. "Hajiya, an cire ajiyarki daga cikin mota."

Alhaji ya ce, "Haliru!"

Ina, an makara. Kwano ya faɗi, gero ya watse.

"Mi? Wa ya cire? Mani, zo nan! Wane mara kunya ya taɓa min laya?"

"Inna, mu shiga ciki."

"Ba inda za ni! Ni na sa ta! Ni Tasalla, da ƙafar nan mai ciwo na je har Karare wurin wani malami na karɓo ta. Malam ya ce a sa inda mota ke shan iska, na tsaya kan mai wankin mota sai da ya buɗe min na cusa da hannuna. Kullum kana bin hanyar nan ina nan ko barci ba na yi, kai ko a jikinka. Tun da na sa ta, wa ya tare ku? Ku faɗa min, wa ya tare ku?"

"Ba wanda ya tare mu, Hajiya," in ji Haliru. "Sai dai ita ta toshe wa mota numfashi, ta hana ta gudu, ta sa ta shan mai. Shi ne Alhaji ya ce ni ke sace man. Ya ce ajiye shi nake so in yi wa mutanena na daji."

Tsohuwa ta juya a hankali ta kalli ɗanta. Ashe duk garin nan ita kaɗai ba a gaya wa ba, don kowa na tsoron bakinta.

"Ka ce masa mi? Haliru? Wanda ya ɗauke ni a bayansa ya shigar da ni asibiti kana can kana awon gyaɗa? Shi ne infoma? Kai, Mani, ka ji kunya. Jama'a ku shaida, yaron nan bai taɓa komai ba, aikina ne, kuma ban yi nadama ba! Ƙarfen banza, motar da ba ta iya ɗaukar ayar Allah. Ba ni layar nan!"

Alhaji ya zaro layar daga aljihu kamar mai miƙa wuta. Ta cire zaren carbinta na wuya, ta zura, ta ƙulla.

"Da ma ba don ƙarfe na karɓo ta ba, don kai ne. Tunda ta ƙi, kai za ka ɗauka. Sunkuyo."

"Inna, mutane na kallo."

"Lokacin da kake zagin ɗan mutane a kasuwa ba su kallo? Sunkuyo!"

Alhaji Mani, mai jif, mai shaguna, ya sunkuya. Aka rataya masa ƙatuwar laya mai warin inji a kan farar shaddarsa. Wani a bayan taro ya tuntsure da dariya ya mayar da ita tari.

Da ya ɗago, ya zo wucewa ta kusa da Haliru, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ka ci amanata." Haliru ya zaro makulli ya miƙa masa a tafin hannu, gaban kowa. Alhaji ya kalli makullin, ya kalli uwarsa da ke tsaye riƙe da ƙugu. Bai karɓi makullin ba, shi da ko ribas bai iya yi da mota ba.

"Gobe da safe za mu Batsari," ya ce, ya shige zaure.

Haƙuri dai bai ba shi ba, har yau, kuma Haliru bai daina jin haushin wannan ba. A hanya ba ya ce masa komai sai "to" da "a'a". Amma washegari da ya je shan shayi, bencin ya cika har ana matsa masa, kowa na so ya ji girman layar daga bakin wanda ya gani. Wai har maƙwabciyar nan mai tsagaggen turmi ta aiko wa Zuwairatu da shi tun ba a tambaya ba. Zuwairatu ta ce a mayar mata da abinta, ta riga ta yi dakanta.