Maƙogwaron A-kori-kura

Mai Ƙwai na zaune a tsakar gida, ya matse maƙogwaron totur tsakanin gwiwoyinsa yana gurzar cikinsa da magagari. Garin ƙarfe ya yi masa fari-fari a wando.

"Baban yara, hanjin motar ne kuma ka ciro?" matarsa ta tambaya, tana ɗauke da kiret biyu na ƙwai.

"Maƙogwaro ne. Ta nan iska ke shiga inji. In ya ƙara faɗi, sai ta riƙa jan numfashi sosai."

"In ji wa?"

"Wani ne na gani a waya. Minti takwas ya gama."

"Shi ma ƙwai yake ɗauka?"

Ya ci gaba da gurza. Shekara goma sha ɗaya a-kori-kurar nan tana kai ƙwan kajinsu gidan burodin da ke bayan tudu, tana nishi, amma tana kaiwa. Sai ranar Talata, a tsakiyar hawa, maƙwabcinsu mai keke mai ƙafa uku ya wuce shi, har da hon sau biyu. "Ko in turo ka ne, maigida?" Tun ranar abinci bai ƙara yi masa daɗi ba.

"Mai burodi dai sha biyu ya ce," in ji ta. "In kwaɓinsa ya sake jiranmu, wani zai nema. Mu kuma sai mu zauna mu cinye kiret arba'in."

"Yau kafin sha ɗaya na dawo."

Ya mayar da abin ya ɗaure. Noti ɗaya ya ragu, ya duba hagu da dama, ya jefa shi aljihu. Suka loda ƙwai tsaf, sannan ya murza makulli.

Motar ta kwarma ihu. Ƙafarsa ko kusa da totur ba ta je ba. Ashe ramin maƙogwaron ya ƙara faɗi, faifan da ke rufe shi kuwa yana nan yadda yake, kamar murfin ƙaramar tukunya a bakin babba. Kaji suka tashi sama a keji.

"Kashe ta!" matar ta ɗaga murya.

"Lafiya ce ta yi mata yawa!"

Ya sa giya, ya saki kuloci a hankali. Motar ta zabura kamar akuyar da aka watsa wa ruwan zafi, ta daki dokin ƙofar gida, ta dira. Daga bayansa ya ji wata ƙara da duk mai kiwon kaji ya sani. Ya kashe inji.

Shiru, sai ƙwaiduwa da ke ɗiga a ƙasa, ɗis, ɗis.

Matar ta leƙa bayan motar. "Kiret huɗu sun tafi. Ƙarfe sha ɗaya da kwata." Ta gyara mayafinta, ta nufi gidan maƙwabcin nan mai keke.

"Ba shi ba!" ya ce. "Kowa ma, ban da shi."

Ko waiwaye ba ta yi ba.

Keken ba zai ɗauke ƙwan duka ba, sawu biyu za a yi. Mai keken sai haɗiye murmushi yake ta yi. Mai Ƙwai ya shiga baya, ya rungume kiret har haɓa, notin nan yana tokarar cinyarsa. Da suka kama hawan tudu, keken ya ƙara wuta, kiret suka fara rawa.

Ya daure, ya daure, sannan ya taɓa kafaɗar mutumin.

"Maƙwabci, a hankali mana. Gudun me kake yi?"