Fuskar Goggo Walburga a Kan Kuɗi

A shekarar da darajar mak, kuɗin ƙasarmu Jamus, ta zube, kuɗin da jirgin ƙasa ke kawowa daga Balin, babban birni, suka daina isar mu, sai majalisar garinmu ta ce mu ma mu buga namu. Aka ba Ottokar mai rubuta allunan shaguna aikin zanen. Magajin gari ya so a sa fuskarsa, Ottokar ya rantse bai iya zana gemu ba. Ya leƙa ta taga, ya hango Goggo Walburga, ƙanwar babana, tana zazzaga wa mai sayen kabejinta masifa. Ya zana ta haka nan, baki buɗe.

Ranar da kuɗin suka fito, kasuwa ta kaure da dariya. Goggo ta zari muciya ta nufi shagon Ottokar. Kafin ta isa, duk namijin da ta gamu da shi sai ya cire hula ya rusuna. Ta juyo gida tana taku ɗai-ɗai.

Na ce, "Goggo, kin fasa masa kan?"

"Rufe min baki, Liesel. Kin taɓa ganin sarauniya na dambe?"

Nan da nan aka daina cewa mak, sai dai ka ji ana "Ƙwan nan Walburga nawa?" Da safe Walburga guda na sayen burodi, kafin yamma sai an cika kwando da ita.

Mai gidan burodi ya ƙwala mata kira, "Walburga, yau kin faɗi warwas!"

"Na faɗi, amma ina cikin aljihun mijin kowa. Je ka gaya wa matarka!"

Da sanyi ya shigo, kuɗin suka fi itace araha, aka koma hura murhu da su. Goggo ta riƙa bin gidaje tana shinshina hayaƙi. "Wace marar kunya ce ke ƙona ni?" Sai an ba ta dafaffen dankali take hucewa.

Da sabon kuɗi ya zo, aka tara tsofaffin a dandali, tsibi ya fi mutum tsawo. Goggo ta ce babu mai cinna mata wuta sai ita. Ta ƙyasta ashana, masu algaita da ganga suka ɗauka, ta fizgo Ottokar ta shiga juyi da shi har takalminta ɗaya ya tashi ya faɗa wuta.

Shi ya goya ta zuwa gida, tana zagin sa tana dariya. Da bazara aka ɗaura musu aure.